Lambar gigahaz kaɗai ba ta auna ƙarfin kwamfuta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata al'ada da ta zama ruwan dare a cinikin kwamfuta da wayar hannu a ƙasar nan, wadda take sa mutane biyan kuɗi mai tsoka su ɗauki na'ura marar ƙarfi, alhali mai saye da mai sayarwa duka suna ganin an yi cinikin gaskiya. Al'adar ita ce auna ƙarfin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke gudanar da lissafin na'ura, da lamba guda ɗaya tak, lambar gigahaz. A shagunan Yamai da na nan Tawa, da tallan da ake yaɗawa a WhatsApp da Facebook, har ma da takardun da wasu ma'aikatu ke fitarwa idan za su ba da kwangilar sayen kwamfutoci, abin da ake rubutawa shi ne "Core i5, 2.5 GHz", wato sunan jerin furosesar da lambar gigahaz ɗinta, sai a tsaya nan kamar an gama bayani. Ni sana'ata gyaran kwamfuta ce da koya wa matasa aiki da ita, kuma yawancin na'urorin da ake kawo mini da ƙorafin nauyi, an saye su ne bisa wannan lamba.

Lambar ba ƙarya ba ce, amma ba ta faɗin abin da ake zato tana faɗi. A cikin kowace furosesa akwai agogo mai bugu a kai a kai, kuma kowane mataki na lissafi yana tafiya ne bisa wannan bugu. Idan aka ce 3 GHz, ana nufin agogon yana bugawa sau biliyan 3 a daƙiƙa ɗaya. Abin da lambar ba ta bayyana ba shi ne yawan aikin da ake kammalawa a kowane bugu. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiya a ƙauyukan Adar ya san cewa mai jan ruwa da gwangwani sau goma bai kai mai ja da babban guga sau shida cika kwami ba, kuma ba wanda zai ƙirga jan igiya ya ce ya san yawan ruwan da aka ɗebo. Masana ƙirar kwamfuta suna lissafa lokacin da aiki ke ɗauka da abubuwa uku da ake ninkawa da juna: yawan umarnin da manhaja ke buƙata, da yawan bugun da kowane umarni ke ci, da tsawon bugu guda. Gigahaz tana magana ne a kan na ukun kawai.

Masana'antar kanta ta taɓa faɗawa wannan rami, kuma labarin ya cancanci a tsaya a kansa. A watan Maris na 2000 kamfanin AMD mai ƙera furosesa ya riga abokin hamayyarsa Intel fitar da furosesa mai gigahaz 1, kuma daga nan gasar ta koma ta lamba zalla, domin an lura cewa ita mai saye ke dubawa. A ƙarshen wannan shekara Intel ya fito da Pentium 4, wadda aka ƙera ta musamman domin agogonta ya iya hawa sama sosai. Dabarar ita ce a yayyanka aikin kowane umarni zuwa ƙananan matakai masu yawa, ta yadda kowane mataki zai ƙare da wuri, bugun ya ƙara sauri. Zubin farko yana da matakai 20, na 2004 kuwa, wanda ake kira Prescott, ya kai 31. Illar wannan tsari ita ce furosesa ba ta jira ta tabbatar da inda manhaja za ta bi idan ta iso mararraba. Hasashe take yi ta fara aiki tun kafin amsa ta fito, idan kuma hasashen ya kuskure sai a zubar da duk abin da ke cikin layin a sake daga farko. Gwargwadon tsawon layi, gwargwadon asarar da kowane kuskure ke jawowa. Saboda haka agogo yana ta gudu, amma kaso mai yawa na bugun yana tafiya a banza.

AMD ya fahimci cewa ba zai iya cin wannan gasa da lamba ba, don haka a 2001 ya daina sa saurin agogo a sunan kayansa. Athlon XP 1800+ tana gudu ne a 1.53 GHz, an ba ta wannan suna ne domin mai saye ya gane cewa aikinta ya wuce abin da agogonta ke nunawa. Intel kuwa ya yi ta maganar kaiwa gigahaz 10, amma zafi ya tare masa hanya: a 2004 ya soke shirin fitar da Pentium 4 mai gigahaz 4, kuma zuriyar ta tsaya a 3.8. A watan Yuli na 2006 ya fito da Core 2 Duo, wadda asalin tunanin ƙirarta ya samo tushe daga Pentium M ta kwamfutocin tafi-da-gidanka. Samfurin E6600 yana gudu a 2.4 GHz da wutar da aka ƙiyasta masa ta wat 65, amma a galibin gwaje-gwajen da aka yi a lokacin ya doke Pentium Extreme Edition 965 mai 3.73 GHz da wat 130. Kamfani ɗaya ne ya ƙera su, a shekara ɗaya aka fitar da su, kuma mai ƙaramar lamba ce ta fi ƙarfi da rabin wutar. Daga baya AMD ma ya sake gwada tsohuwar hanya a 2013 da FX-9590 mai kaiwa gigahaz 5 da wat 220, bai kuma dawo cikin gasa da gaske ba sai a 2017 da ya fito da Ryzen, wadda agogonta bai kai na waccan ba amma take yin aiki mai yawa a kowane bugu.

Dalilin tsayawar agogo na kimiyya ne. Domin a ƙara saurin bugu dole a ƙara ƙarfin wutar da ke shiga, zafin da ke fita kuwa yana hawa ne bisa ninkin wannan ƙarfi a kansa, sannan a ninka da saurin, ta yadda ƙarin sauri kaɗan ke jawo ƙarin zafi mai yawa. Shekaru da dama ana tsira daga wannan ne ta hanyar ƙanƙanta taransistoci, wato ƙananan makunnan lantarki da ake gina furosesa da su, bisa ƙa'idar da Robert Dennard da abokan aikinsa suka bayyana a 1974, amma wajen 2005 wannan sauƙi ya ƙare. Tun daga lokacin ci gaban da ake samu ya fi zuwa ta wasu ƙofofi: furosesa ta iya gudanar da umarni da yawa a bugu guda, ta iya sake jera su ta fara da wanda kayan aikinsa ya iso, ta kyautata hasashe, a kuma zuba ƙwayoyi masu lissafi fiye da ɗaya a kan guntu guda. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke fitowa a lambar gigahaz.

Akwai kuma batun jira, wanda a ganina shi ne ya fi shafar mai aiki na yau da kullum. Furosesa ba ta lissafi sai bayanai sun iso hannunta. Idan abin da take nema yana cikin ƙaramar ma'ajiyar da ke jikinta, wadda ake kira kash, bugu huɗu ko biyar ya isa. Idan sai ta aika RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da ke wajen furosesa, jiran yana kusantar bugu 300 a na'ura mai gigahaz 3. Idan kuwa RAM ta cika har sai an koma tsohon faifai mai juyawa, wanda ke ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa kafin ya nemo abu, to an yi asarar bugu wajen miliyan 30 ana zaune. Faifan SSD, wanda ba ya juyawa, yana rage wannan jira kusan sau ɗari. Wannan ne ya sa kwamfutar da ke da RAM gigabait 4 da faifai mai juyawa take ɗaukar mintoci kafin ta buɗe, ko da agogonta ya kai nawa, kuma ya sa sauya faifai kaɗai yakan farfaɗo da na'urar da mai ita ya riga ya fid da rai da ita. Ana ɗora wa furosesa laifin da ba nata ba, a kuma je a sayo wata mai babbar lamba da faifai iri ɗaya.

Yawan ƙwayoyi shi ma ya fara zama sabuwar lambar ruɗi, musamman a waya. Gene Amdahl ya nuna tun 1967 cewa duk aikin da ke da ɓangaren da ba ya rabuwa, wannan ɓangare shi ke ƙayyade iyakar ribar da za a samu. Idan kashi ɗaya cikin huɗu na aiki dole ƙwaya guda ta yi shi, ƙwayoyi 4 ba za su ba da ninki 4 ba, ninki 2.3 za su ba da. Ƙwayoyi 8 ba su kai ninki 3 ba. Ko an tara dubu ba za a wuce ninki 4 ba. Mai haɗa bidiyon biki zai amfana da ƙwayoyi masu yawa domin aikinsa yana rabuwa, amma sakataren da ke rubutu a Word yana buɗe shafukan intanet ya fi buƙatar ƙarfin ƙwaya guda. A wayoyi masu sauƙin kuɗi da suka cika kasuwanninmu ana yawan tallata "ƙwayoyi takwas". Furosesar Helio G35 ta kamfanin MediaTek tana da ƙwayoyi 8 masu kaiwa 2.3 GHz, amma dukansu ƙananan Cortex-A53 ne masu bin umarni a jere ba tare da tsallakewa ba. Helio G99 ita ma 8 gare ta, kuma iyakarta 2.2 GHz, sai dai biyu daga ciki manyan Cortex-A76 ne, kuma duk wanda ya riƙe wayoyin biyu zai ji bambancin tun daga buɗe manhaja ta farko. A kan kwali kuwa, wadda ta fi rauni ita ce mai babbar lamba.

Yanzu in dawo ga takardar kwangila mai cewa "Core i5, aƙalla 2.5 GHz", domin nan ne dukiyar jama'a ke shiga. Core i5-2520M ta fito a 2011, tana da ƙwayoyi 2, saurinta na asali 2.5 GHz, wutarta wat 35. Core i5-8250U ta fito a 2017, tana da ƙwayoyi 4, saurinta na asali 1.6 GHz, tana iya hawa zuwa 3.4 idan aiki ya buƙata, wutarta wat 15, kuma a aikin da ke rabuwa ta ninka waccan fiye da sau biyu. Bisa harafin wannan takarda, ɗan kwangilar da ya kawo gwanjon 2011 ya cika sharaɗi, wanda ya kawo ta 2017 kuwa sai a ce ya gaza. Ba sai an yi ha'inci ba. Takardar ce da kanta ta buɗe ƙofa. Haka nan sunan i7 ba ya tabbatar da fifiko a kan i5: Core i7-7500U ƙwayoyi 2 gare ta, kuma waccan i5-8250U ta zubi na takwas ta fi ta a aiki mai nauyi, duk da cewa a shago i7 ɗin ce za a tsawwala wa kuɗi. A ƙasan tsani kuma akwai Celeron N4020, wadda ake tallata ta da 2.8 GHz, alhali wannan ita ce ƙololuwar da take taɓawa na ɗan lokaci, saurinta na asali 1.1 ne. Ɗalibai da yawa suna ɗaukarta saboda sabuwa ce dal a kwali kuma lambarta ta burge, su bar tsohuwar na'urar ofis ta hannu da ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba.

Maganar ƙololuwa ta kawo ni ga abin da ya keɓanta da mu, wato zafi. Furosesar zamani ba ta da sauri guda ɗaya. Tana hawa zuwa ƙololuwarta, wadda ake kira turbo, ne muddin zafi da wuta sun ba ta dama, kuma idan ta kusanci digiri 100 sai ta rage gudu da kanta domin kada ta ƙone. Alƙaluman da ake wallafawa a intanet galibi an same su ne a ɗakuna masu sanyi, da na'urori sababbi masu tsabtar ciki. Mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Yamai da Tawa yana wuce digiri 40, bayan an fito daga watannin hunturu da ƙurarsu. Duk lokacin da na kwance gindin wata kwamfutar tafi-da-gidanka da ta shekara biyu a ofis marar na'urar sanyaya ɗaki, abin da nake tararwa kusan iri ɗaya ne: ƙura ta dunƙule ta zama tsumma mai kauri tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen da iska ke bi ta fita, sai an sa tsinke an zaro ta, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen jan zafi kuma ya bushe ya tsattsage yana marmashi. Irin wannan na'ura takan nuna sama da gigahaz 3 a mintin farko, kafin a kai minti biyar ta faɗo ƙasa da biyu, fanka tana ta kuka. Ƙari a kan haka, na'urori da yawa suna rage gudu idan aka cire su daga wuta suka koma kan batir, kuma a wurin da ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ce wannan shi ne yanayin aikinsu na sa'o'i masu yawa. Saboda haka ga makarantar da ke ƙauye tana dogara da faranti mai ɗaukar hasken rana, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce aiki nawa ake samu a kowane wat. Furosesar M1 da Apple ya fitar a 2020 ta nuna inda ƙira ta kai a wannan fanni, domin an sa ta a MacBook Air da ba shi da fanka ko ɗaya, ta kuma yi gogayya da furosesoshin da suka fi ta saurin agogo da cin wuta, ko da yake farashinta ba na kowa ba ne.

Hanyar da masana suka amince da ita ita ce a ba na'urori aiki iri ɗaya a auna lokacin da kowace ta ɗauka. Ƙungiyar SPEC, wadda aka kafa a 1988, tana haɗa gwajinta ne daga manhajoji na gaske, irin su mai fassara rubutun masu shirya manhaja zuwa harshen na'ura, da mai matse bidiyo, da mai hasashen yanayi, kuma da shi manyan kamfanoni ke kwatanta kayansu. Ga talaka akwai manhajojin gwaji irin su Geekbench da Cinebench da PassMark, waɗanda ake samun sakamakonsu kyauta idan aka rubuta cikakken sunan furosesa. Suna ba da maki biyu, na ƙwaya guda da na dukan ƙwayoyi, kuma wajibi ne a duba wanda ya dace da aikin da za a yi. Sai dai ban yarda a mayar da su wata sabuwar gigahaz ba. Makin Geekbench 5 ba ya kwatantuwa da na Geekbench 6. Gwaji gajere yana ƙarewa kafin na'ura ta ɗumama, shi ya sa na fi son Cinebench R23 da ke maimaita aikin har minti 10. Kamfanoni kuma sun sha yin wayo: a 2013 an gano cewa wayar Galaxy S4 ta Samsung tana ƙara gudun sashen zanenta idan ta gane manhajar gwaji ce ke aiki, a 2018 kuma masu manhajar gwaji ta 3DMark sun cire wasu wayoyin Huawei daga jerinsu saboda irin wannan hali. Maki shaida ne mai amfani, amma ba ya maye gurbin gwada na'urar da aikin da aka saye ta dominsa.

Abin da nake roƙon masu saye shi ne su nemi cikakken sunan furosesa, har da lambobi da harafin da ke ƙarshe. A jerin Core i3 da i5 da i7, lambar farko bayan ɗan layi, ko biyun farko daga zubi na goma, ita ce zubin: 2520 zubi na biyu ne, 8250 na takwas, 10210 da 1135 kuwa na goma da na goma sha ɗaya. Harafin U alama ce ta mai tattalin wuta, H kuma ta mai ƙarfi mai cin batir. Kada a dogara da sitikar da ke manne a jikin na'ura, domin ana ɓamɓare ta ana liƙa wata. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, tagar da ke fitowa, wadda a na'urorinmu masu Faransanci ke ɗauke da sunan Gestionnaire des tâches, za ta nuna sunan gaskiya da yawan ƙwayoyi da saurin da ake kai a wannan daƙiƙa. A bar ta a buɗe, a sa na'urar aiki mai nauyi na minti goma sha biyar a cikin shagon, da zafin shagon, a ga inda lambar za ta tsaya. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai hana ba. Zubin yana da wani muhimmanci na daban, domin Microsoft ya ƙayyade cewa Windows 11 a hukumance tana buƙatar Intel zubi na takwas ko Ryzen 2000 zuwa sama, ban da ƴan kaɗan da aka keɓe, tallafin Windows 10 na gama-gari kuma ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba 2025. Kamfanonin Turai da Amurka suna ta sauke tsofaffin na'urorinsu saboda wannan dalili, kuma kasuwanni irin namu ne masaukinsu.

Ga ma'aikatu da makarantu da ƙungiyoyin da ke saye da yawa, shawarata ita ce a cire sharaɗin gigahaz daga takardun kwangila gaba ɗaya. A maimakonsa a rubuta zubi mafi ƙanƙanta da za a karɓa, da mafi ƙarancin maki a gwaji guda da aka ambaci sunansa da lambar fitowarsa, da yawan RAM, da wajabcin SSD, sannan a ɗauki na'ura biyu ko uku daga cikin kayan da aka kawo a gwada su a gaban kwamitin karɓa kafin a sa hannu. Muna da malamai da ɗalibai a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da jami'ar nan Tawa da za su iya tsara irin wannan gwaji cikin sauƙi idan an nemi taimakonsu. Ita ma wannan jarida tana da rawar takawa: idan mai talla ya kawo sanarwar kwamfuta ko waya, a nemi ya rubuta cikakken sunan furosesar kafin a buga.

Na gode da filin da aka ba ni. Wassalam.

Naku,
Wani mai gyaran kwamfuta,
Tawa, Jamhuriyar Nijar.